A gyara ko a sauya? Lamarin tsohuwar kwamfutar wani shagon buga takardu a Maradi

Shagon yana kan hanyar da ɗalibai ke bi zuwa Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ɗaki ɗaya ne da rumfa a gaba. Ana buga takardu, ana fotokopi, ana tsara katin biki da na suna, ana kuma cike wa mutane takardun neman aiki ko gurbin karatu ta intanet. Mai shi tsohon malamin lekol ne da ya yi ritaya, kowa Mushe yake ce masa. Wanda ke wuni gaban allo kuwa ɗan ƙanwarsa ne, saurayi mai saurin hannu da ƙarancin haƙuri.

Kwamfutar tebur ɗaya ce tak a shagon, kuma a kanta abincin gida biyu yake. Irin ta ofis ce mai kwance, wadda ake ɗora allo a bayanta, an saye ta ƴar gwanjo shekaru da dama da suka wuce. Cikinta akwai furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, Intel Core i5-3470, zubi na 3 da ya fito a 2012, da RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake ciki, gigabait 4, da faifan ajiya mai juyawa na gigabait 500. Da Windows 7 ta zo, daga baya aka ɗaga ta zuwa Windows 10.

A bazarar 2025 ta fara isar kowa. In an kunna ta da safe, sai yaron ya share shago ya fitar da benci kafin ta nutsu. Word yakan daskare a tsakiyar kundin ɗalibi, fanka na ta ƙugi, wani lokaci da azahar ta mutu da kanta alhali ba a ɗauke kuran ba. Ga kuma sanarwar Microsoft da ke cika allo: za a daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma wannan na'ura ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba.

"Kawu, wagga ta gama aiki," in ji yaron. "Duk dalar da munka sa mata asara ce." Mushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani, shi ba ya yar da abin da ke kamawa in an kunna. Abin da ke hannunsa jika 150 ne, ya haɗa daga fansho da adashe. Duk su biyun shekarun na'urar suke yi wa gardama, ba wanda ya duba inda ciwon yake.

Abin da mai gyara ya gani

Mai gyaran da suka kira bai fara da sukudireba ba. Ya bar akwatin a rufe, ya ce yaron ya yi aiki yadda ya saba: ya buɗe kundi a Word, ya buɗe Chrome da shafuka biyar ko shida, ya soka kilen USB da wani ɗalibi ya kawo. Shi kuma ya buɗe tagar da Windows ke nuna nauyin da ke kan kowane sashe. Furosesa na yawo tsakanin kashi 15 da 30 cikin 100. RAM ta kusa cika. Faifan ajiya kuwa ya maƙale a kashi 100, ya ƙi sauka.

Daga nan rabin amsar ta fito. Furosesan bai gaza ba, jira yake yi. Idan RAM ta cika, Windows na kwashe abin da ya yi yawa ta zuba a faifai, ta sake ɗebo shi in an buƙata. Faifai mai juyawa kuwa faranti ne da ke zagaye sau 7,200 a minti, da ɗan hannu mai kai da kawowa a kansa. Kafin hannun ya kai ga bayani guda yakan ci kusan milisakan 10 ko fiye, yayin da SSD, faifan ajiya na zamani wanda babu abin da ke motsi cikinsa, ba ya cin ko milisakan 1. Masu sayarwa sun fi son ambaton gudu, su ce SSD mai haɗin SATA na ɗaukar megabait 500 a sakan, tsohon faifai kuma 100 zuwa 150. Gaskiya ne, amma abin da mai aiki ke ji a hannunsa shi ne wancan jiran, domin tada Windows ko buɗe Word na nufin karanta dubban ƙananan fayiloli da ke warwatse.

Abu na biyu tarko ne da mutane da yawa ke faɗawa. Windows ɗin da ke kan na'urar mai bit 32 ce, gadon wadda ta zo da ita tun zamanin Windows 7. Irin wannan ba ta ganin abin da ya wuce gigabait 4, a aikace ma 3 da ɗoriya take amfani da shi. Da Mushe ya aiki yaro kasuwa ya sayo RAM aka cusa, da kuɗin sun tafi kuma ba abin da zai canza, sai a ce gyara ba ya amfani. Dole a sauke Windows gaba ɗaya a ɗora mai bit 64, wanda furosesan na ɗauka ba tare da matsala ba.

Na uku shi ya tayar wa mai gyaran hankali. Ya duba lafiyar faifan da manhajar CrystalDiskInfo, wadda ke karanta rahoton da faifai ke ajiyewa game da kansa, sai ta nuna launin ɗorawa: wasu gurabe sun lalace, faifan ya fara kewaye su. A cikinsa kuwa akwai kundayen ɗalibai na shekaru, da samfurin katunan da yaron ya tsara, da takardun ƴan kasuwar da ke dawowa a sake buga masu. Babu kwafin ko ɗaya a wani wuri. "Mushe, a bar maganar sabuwa ko tsohuwa tukun," in ji shi. "A kwashe kayan mutane yau, ba gobe ba." Ranar aka kwafe komai a wani faifan waje.

Sai daga baya ya buɗe akwatin. Ƙurar hunturu ta shekaru ta dunƙule tsakanin haƙoran ƙarfen da ke sanyaya furosesa, man da ake shafawa tsakaninsu ya bushe ya zama gari. Furosesa in ya doshi digiri 100 yana rage gudunsa da kansa, in abin ya faskara ya kashe na'urar don kada ya ƙone. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, a ɗaki mai rufin kwano, ba sai an nemi wani dalilin mutuwar azahar ba. Ɗan batirin CR2032 mai riƙe agogo shi ma ya mutu, shi ya sa kwanan wata ke komawa baya duk sa'ad da wuta ta yanke, shafukan intanet su ƙi buɗewa suna ƙorafin tsaro. Babban allon ciki, kat-mer, lafiya lau yake, babu kafasita ko ɗaya da ya kumbura. Akwatin wutar, mai raba wa sassan na'urar kuran, shi ne bai kwanta masa a rai ba, fankarsa na jan ƙafa. Ya faɗa masu haka ƙarara.

Inda gyara ke tsayawa

Duk abin da aka lissafa zuwa nan mai sauƙin kuɗi ne. Amma yaron yana da gaskiya a wuri ɗaya, kuma wurin babba ne. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana neman guntun tsaro TPM 2.0, sannan a ɓangaren Intel kusan dukkan furosesan da Microsoft ta amince da su daga zubi na 8 suke farawa, a ɓangaren AMD kuma daga Ryzen 2000. Gurbin furosesa na wannan na'ura LGA1155 ne, mafi ƙarfin abin da ake iya dasawa cikinsa bai wuce irin su i7-3770 ba, shi ma zubi na 3 ne. Ko an saya, ƙofar Windows 11 na nan a rufe, kuma ga aikin Word ba wanda zai ji bambanci tunda na yanzun ma zaman jira yake.

Wanda ya ce sai ya sa furosesa zubi na 8, to sai ya sauya kat-mer. In ya sauya kat-mer sai ya sauya RAM, domin DDR3 mai haƙora 240 ba ta shiga gurbin DDR4 mai 288. Kwamfutocin ofis da yawa kuma akwatinsu da filogin wutarsu na kamfaninsu ne kaɗai, sabon kat-mer ba lallai ya zauna ba. Lasisin Windows ma da kat-mer yake ɗaure. Mutum ya wayi gari ya sayi wata kwamfutar guntu-guntu, da tsada, cikin tsohon kwano. A nan nake ganin layin yake: SSD, RAM, shara da batiri gyara ne, abin da ya taɓa kat-mer kuwa sauyi ne, gara a kira shi da sunansa a yi lissafinsa haka.

Yaron ya kawo maganar katin hoto, sashen da ake ƙara wa kwamfuta don aikin zane, wai don aikin katunan biki. Mai gyara ya nuna masa akwatin wutar mai wat 240, ba shi da wayar da manyan katuna ke buƙata, ga jikin na'urar siriri. Magana ta mutu nan.

Ya kuma kawo dabarar da abokansa ke yi, ta tsallake sharuɗɗan Windows 11 da manhajar Rufus. Tana aiki, kuma wannan furosesa zai tashi da ita, ba kamar tsoffin Core 2 Duo ba da sigar 24H2 ta daina tashi a kansu. Sai dai Microsoft ta faɗa cewa na'urar da aka yi wa haka ba ta da tabbacin samun sabuntawa, kuma babbar sabuntawar shekara sai an sake bi da hannu. Ga ɗalibi mai wasa da kwamfutarsa a gida, ba laifi. Ga shagon da in ya tsaya yini ɗaya a lokacin kare kundi kwastomomi za su tsallaka titi, mai gyara bai ba da shawarar ba.

Linux Mint ma, wadda ake ɗorawa a madadin Windows, an ambata, kuma za ta yi gudu sosai a kan wannan na'ura. Abin da ya hana shi ne aikin shagon. Ɗalibi ya zo da kundin da ya tsara a Word, a buɗe a LibreOffice, madadin Word a kan Linux, shafuka su ɗan gusa, lambobin da ke jerin babi su saɓa, sai rigima. Katunan kuma duk a Publisher da CorelDRAW yaron ya tsara su.

Ɓangaren saye

Sabuwa fil a kwali ba ta ma shiga lissafi ba, jika 150 ba za su kai ko kusa ba in ana son mai nagarta. Zaɓin gaskiya shi ne wata ƴar gwanjon, amma zubi na 8, irin masu i5-8500 na 2018 mai ƙwaya 6, wato sassan aiki shida a cikin furosesa ɗaya. A lokacin kayan na shigowa Maradi ta hanyoyi biyu. Akwai na teku, wanda tun da aka rufe iyaka da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, tafiya mai nisa da kuɗin mota mai yawa. Akwai kuma na Kano, ta Katsina da Jibiya da Dan Issa, wanda faɗuwar naira ta sa ya yi sauƙi ga mai sefa. Na Kano yakan zo da Windows ta Turanci da allon madannai na QWERTY, alhali hannun yaron AZERTY ya saba da shi, kuma aikinsa kusan duk Faransanci ne mai wasulla masu alama. Wannan mai sauƙin warwarewa ne, amma akwai ire-irensa da ke cin kuɗi a ɓoye: allon shagon mai filogin VGA ne, da yawa daga sababbin kuma gurbin DisplayPort suke da shi, sai an sayi mahaɗi.

Da aka tambayi farashi, mai kyau a cikinsu za ta lashe kuɗin Mushe kakaf, ba saura. A nan mai gyara ya kawo abin da su biyun ba su sa a lissafi ba, wato wuta. Mafi yawan kuran ɗin Maradi daga Najeriya yake zuwa ta layin Katsina, kuma kowa ya tuna yadda aka sha lokacin da aka yanke shi a Agustan 2023 saboda takunkumin CEDEAO, har zuwa farkon 2024. Ko a lokacin lafiya, bazara na zuwa da yankewa da hawa da sauka. Shagon ba shi da ondilar, wato akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta na ƴan mintuna in wuta ta tafi. Kowace yankewa na kashe na'urar tana tsakiyar rubutu a faifai, kuma da wuya a ce hakan ba ya cikin abin da ya jigata faifan da akwatin wutar. A ɗauki wata kwamfutar a soka a wannan bangon ba kariya, ita ma hanyar da za ta bi ke nan.

Wutar dai ita ce kuma ta fi ba ɓangaren saye ƙarfi. Ƙananan kwamfutocin nan masu girman littafi, masu furosesa irin i5-8500T, an tsara zafinsu a wat 35, na i5-3470 kuwa 77 ne, kuma da yawansu da ƴar caja mai wat 65 suke aiki. Waɗannan lambobi ba su ne abin da mita ke ƙirgawa kullum ba, amma suna nuna inda aka dosa: ƙaramar ta fi daɗewa a kan ondilar, ta fi dacewa da ranar da Mushe zai sa sola, kuma ba ta dumama ɗaki.

Abin da aka yi

Aka tsaya a kan gyara mai iyaka. SSD na gigabait 256, sanda ɗaya ta RAM DDR3 gigabait 4 don a cika 8, man sanyaya, batirin agogo, shara, da sabuwar Windows 10 mai bit 64. Duka da ladan aiki bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ba. Ondilar ta ci kusan wani kamar haka. Sauran aka ajiye da sunan ƙaramar kwamfuta zubi na 8, za a riƙa ƙarawa daga cinikin shago.

Sayen kayan ma sai da aka yi hattara. RAM ɗin da aka fara kawowa ta sabar ce, wato ta manyan kwamfutocin kamfanoni, ta shiga gurbi daidai amma na'urar ta ƙi tashi, aka mayar aka canzo. SSD kuwa mai gyara ya cika shi da fayiloli har baki ya sake karanta su kafin ya yarda, domin akwai na jabu da ke nuna girman da ba su da shi. Ya soka shi a gurbin SATA mai gigabit 6, tunda a kat-mer na wancan zamani ba duka gurabe ke da wannan gudun ba, wasu rabinsa ne. Ya jera sandunan RAM biyun a gurabe masu launi ɗaya don su yi aiki tare. Ya kuma ja wa yaron kunne kada ya kuskura ya soka firinta mai leza a ondilar, saboda lokacin da take dumama tana jan ɗaruruwan wat a take.

Na'urar ta koma tashi cikin ƙasa da rabin minti, mutuwar azahar ta tsaya. Lasisin Windows ya dawo da kansa tunda kat-mer bai canza ba. An yi asara ɗaya: tsohuwar sikana ta daina aiki, domin kamfaninta bai taɓa fitar da direbanta, manhajar da ke haɗa ta da Windows, na bit 64 ba. Da an sayi wata kwamfutar ma haka za a yi, tunda Windows 11 ba ta da sigar bit 32 sam. Yanzu da injin fotokopi suke ɗaukar hoton takarda.

Lokacin kare kundi ya zo ya wuce lafiya, cinikin makonnin farko ya mayar da kuɗin gyaran. Sai da damina ta yi nisa akwatin wutar nan ya cika. Da yake ba irin na kowa da kowa ba ne, sai da aka yi kwanaki ana nema kafin a samu a jikin wata matacciya irinta, shago na zaune. "Kawu, ai na faɗa maka," in ji yaron. Mushe bai musa ba. Ya biya, ya kuma ce daga wannan ba zai ƙara sa mata ko dala ba, in kat-mer ya tafi ta tafi ke nan.

Ni dai ina ganin gyaran ya yi daidai, kuskuren da ke ciki shi ne barin akwatin wutar bayan an ga alamarsa. Da an nemi na ajiya tun ranar, da kuɗin ɗaya ne amma ba a rasa kwanakin ciniki ba. Kuma hukuncin ya yi daidai ne saboda abubuwan da suka haɗu a wannan na'ura: furosesa mai ƙwaya 4 da ya fi ƙarfin aikin, kat-mer mai lafiya, da kayan gyara masu araha waɗanda ba su mutuwa tare da ita. SSD da ondilar za su bi Mushe zuwa duk kwamfutar da ya saya gaba, RAM ɗin kaɗai za a bari. Da Core 2 Duo ce mai DDR2, ko da aikin shagon haɗa bidiyon biki ne, da yaron ne ke da gaskiya tun ranar farko.

Maganar Windows 10 ita ce ba a warware ba, an dai ɗage ta. Bayan 14 ga Oktoba 2025 na'urar na aiki kamar jiya, abin da ya tsaya shi ne toshe kafofin tsaro, kuma a wannan ranar aka daina kula da Office 2016 da 2019 su ma. Microsoft ta buɗe wa ɗaiɗaikun masu amfani ƙarin wa'adin tsaro zuwa 13 ga Oktoba 2026, ga mai sigar 22H2 da asusun Microsoft, ta kuma ce Defender, mai tsaron ƙwayoyin cuta na cikin Windows, zai ci gaba da samun bayanan sababbin ƙwayoyin cuta har 2028. Ga shagon da kile goma ko ashirin na baƙi ke shiga cikinsa kullum, da yawansu ɗauke da cutar nan mai ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Publisher ma Microsoft ta sa Oktoban 2026 a matsayin lokacin sallamarsa, don haka yaron ya fara mayar da samfurin katunansa zuwa CorelDRAW da PDF.

Shirin da suka tsayar shi ne ƙaramar kwamfutar ta iso kafin wa'adin ya cika, ita za ta riƙe intanet da cike takardun mutane da karɓar kile. Tsohuwar za a cire mata wayar intanet a kai ta ɗaya teburin, ta zama ta buga rubutu kawai, ƙanwar yaron da ke koyon aikin ta zauna a kanta. Abin da ba su daidaita a kai ba har yanzu shi ne inda za a sayo: yaron na son ya shiga Kano da kansa ya zaɓa, Mushe kuma ya fi son mai shago a nan Maradi, ko da tsada, wanda in abu ya lalace zai iya takawa ya same shi.